Littattafan Hausa Cikin Zane: Ga Masu Buƙata, Ga Masu Zane, Saura Jari

KADUNA — Yau fiye da shekaru 90 ke nan tun da aka buga ƙagaggun labarai na farko cikin Hausar boko, an kuwa mai da wasu daga cikinsu wasan kwaikwayo na dandamali da na talabijin da na sinima. Amma duk wanda ya zaga teburan masu sayar da littattafai a garuruwan Jihar Kaduna, tun daga Sabon Garin Zariya har zuwa Kafanchan, da wuya ya tarar da ɗaya daga cikin waɗannan labarai an mai da shi littafin zane, watau irin littafin nan da ake ba da labari a cikinsa da hotunan da aka zana gida-gida, ana rubuta maganar kowane mutum kusa da bakinsa.

Wannan giɓi ya daɗe yana ci wa masu sha'awar karatu tuwo a ƙwarya. A duk lokacin da aikin wani gwanin mai zanen barkwanci ya zaga gari, kamar yadda zanen Mustapha Bulama na jaridar Daily Trust kan yi, ba abin mamaki ba ne mai karatu ya yi fatan ina ma a ce irin wannan hannu ya ɗauki littafin da ya fi so tun yana makarantar firamare, ya zana masa fuskokin mutanen da ya daɗe yana gani a zuci. Labaran suna nan, masu zane ma suna nan. Abin da ya hana ruwa gudu lamari ne na kasuwanci: haƙƙin mallaka, da ladan mai zane, da tsadar takarda, da kuma hanyar da littafi zai bi ya isa hannun mai saye a kasuwannin karkara irin ta Kasuwan Magani a Ƙaramar Hukumar Kajuru.

Littattafan da ake hange

Idan ba a manta ba, a shekarar 1933 ne Hukumar Talifi da ke Zariya, a ƙarƙashin Dokta Rupert East, ta shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da kuma Jiki Magayi na John Tafida tare da shi East. Daga 1937 zuwa 1939 aka fito da Magana Jari Ce, littafi na ɗaya zuwa na uku. Waɗannan su ne littattafan da ɗalibai suka yi ta karantawa shekara da shekaru a makarantu, saboda haka su ne sunayen da kan fara zuwa bakin mai karatu idan aka yi zancen wanda ya cancanci a zana.

Ta fuskar ɗan kasuwa, Magana Jari Ce ne ya fi kowanne dacewa. Labari ne babba da ya ɗauke ƙananan labarai fiye da 80 a cikinsa: aku yana ba Musa ɗan Sarki Abdurrahman labari dare bayan dare domin ya hana shi fita ya faɗa tarkon mugun waziri, sannan a littafi na biyu ya yi gasar ba da labari da Haziƙ, a na uku kuma ya koyar da ɗansa Fasih. Kowane ƙaramin labari zai iya cika ɗan littafi guda mai zaman kansa, akun kuwa ya zama tambarin da yaro zai riƙa ganewa tun daga nesa. Mai buga littattafai da ya samu izinin wannan aiki ya samu hajar da zai yi shekaru yana fitarwa kashi-kashi ba tare da ya sake neman labari ba.

Ruwan Bagaja kuwa abinci ne na mai zanen barkwanci, domin ƙashin bayansa shi ne ramuwar gayya tsakanin Alhaji Imam da Malam Zurƙe ɗan Muhamman, inda kowannensu ke haƙa wa ɗan'uwansa rami a gari bayan gari. Ganɗoki da Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa suna buƙatar hannun da ya iya zana doki da sulke da lifidi da ƙurar yaƙi. Shaihu Umar yana buƙatar mai zane mai natsuwa, wanda zai nuna ayarin raƙuma a cikin Sahara da uwar da ta bar gida tana neman ɗanta da aka sace. Ga kuma Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, wanda ya kai yaro Bahaushe sararin samaniya tun a 1969. Daga cikin na baya-bayan nan akwai So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwaheed, na 1980, da In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, da Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, wanda wani kamfani a birnin Chennai na ƙasar Indiya ya buga fassararsa da Turanci a 2012.

Cewa waɗannan labarai suna jure wa sauya kama, an riga an gwada an gani. Umaru Ladan da Dexter Lyndersay sun mai da Shaihu Umar wasan dandamali, Adamu Halilu ya mai da shi fim a 1976, an yi fim ɗin Ruwan Bagaja a 1989, gidan talabijin na ƙasa da ke Kaduna kuma ya nuna Magana Jari Ce a shekarun 1980. Littafin zane ya fi fim araha nesa ba kusa ba, amma shi ne aka bari a baya.

Kafanchan ta taɓa ba da misali

Haɗa hannun marubuci da na mai zane ba baƙon abu ba ne a kudancin Kaduna. Marigayi Uche Okeke, ɗaya daga cikin manyan masu zane da Nijeriya ta yi, a Kafanchan ya tashi, a can ya yi makarantar firamare, a lokacin da garin ke bunƙasa a matsayin mahaɗar jiragen ƙasa da aka buɗe a 1927. A ƙarshen shekarun 1950 ya buɗe wata cibiyar al'adu a garin, wadda daga bisani ya mayar da ita Nimo a gabashin ƙasar nan. Shi da Bruce Onobrakpeya da Demas Nwoko da Yusuf Grillo suna cikin ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958, a kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello a 1962.

A shekarun 1960 Okeke ya zana hotunan da suka ƙawata littafin Chinua Achebe mai suna Things Fall Apart a jerin littattafan marubutan Afirka na kamfanin Heinemann. Onobrakpeya kuma ya zana na An African Night's Entertainment, littafin Cyprian Ekwensi na 1962, wanda masana suka daɗe suna nuna kamanninsa da Jiki Magayi. Waɗannan hotuna ne da ke rakiyar rubutu jefi-jefi, ba su kai cikakken littafin zane ba, amma sun nuna cewa a wancan zamani kamfanonin ɗab'i sun ɗauki mai zane a matsayin wanda ke ƙara wa littafi daraja a kasuwa.

A zamanin yau ma hanya a buɗe take. Elnathan John, wanda aka haifa a Kaduna, ya haɗa hannu da mai zane Alaba Onajin suka fitar da On Ajayi Crowther Street a 2019, cikakken labari cikin zane, wanda kamfanin Cassava Republic na Abuja ya buga. A 2018 wani kamfanin zanen katun a Legas, Magic Carpet Studios, ya ba da sanarwar fara aikin mai da The Passport of Mallam Ilia na Ekwensi fim ɗin katun, labarin da gaba ɗayansa na Arewa ne. Roye Okupe, ɗan Nijeriya mazaunin Amurka, ya gina jarumarsa Malika a kan tarihin Sarauniya Amina ta Zazzau, a 2021 kuma kamfanin Dark Horse na Amurka ya ƙulla yarjejeniyar buga littattafansa. Abin lura a nan shi ne, duk waɗannan ayyuka da Turanci aka yi su, kuɗinsu ma ya fi ƙarfin ɗan makarantar ƙauye. Ke nan labaran Arewa suna kawo riba, sai dai a wani harshe ake cin ribar, a wata kasuwa daban.

Darasin Indiya

Ƙasar Indiya ta taɓa samun kanta cikin irin wannan hali. A 1967 wani ma'aikacin jarida mai suna Anant Pai ya kalli gasar kacici-kacici a talabijin, ya ga yara suna amsa tambayoyi kan tatsuniyoyin Girkawa amma sun kasa amsa tambaya kan labaran gargajiyar ƙasarsu. A wannan shekara ya fara fitar da jerin littattafan zane mai suna Amar Chitra Katha, kowanne ɗan siriri mai kimanin shafi 32, kowanne da labari guda daga tarihi ko adabin Indiya. Jerin ya kai littattafai fiye da 400, an kuma buga shi cikin harsuna fiye da 20. Tun kafin nan, a 1941, an fara irin wannan jeri a Amurka, wanda aka fi sani da Classics Illustrated, inda aka riƙa taƙaita manyan littattafan Turawa cikin zane. A duka wuraren biyu sirrin ɗaya ne: littafi ƙarami mai araha, da ke fitowa a kai a kai, mai ɗauke da labarin da iyaye suka riga suka yarda da shi.

Shinge na farko: haƙƙin mallaka

Mutane da yawa suna zaton littafin da ya tsufa ya zama na kowa. A doka ba haka abin yake ba. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sanya wa hannu a watan Maris na 2023 ta maye gurbin dokar soja ta 1988, ta kare rubutaccen aiki har tsawon shekaru 70 bayan ƙarshen shekarar da marubucin ya rasu, kuma ikon sauya wa aiki kama, kamar mai da shi fim ko littafin zane, yana cikin abubuwan da ta keɓe wa mai haƙƙi. Abubakar Imam ya rasu a 1981, saboda haka littattafansa suna da kariya har ƙarshen 2051. Na Bello Kagara, wanda ya rasu a 1971, sai ƙarshen 2041. Shaihu Umar kuwa sai ƙarshen 2036, tun da an kashe Firayim Minista Tafawa Ɓalewa ne a 1966.

Ma'anar wannan ita ce, duk mai zanen da ya ɗauki alƙalami ya fara aiki a kan ɗaya daga cikin waɗannan littattafai, dole ne ya fara samun rubutaccen izini daga mai haƙƙi, ko magadan marubucin ne ko kamfanin da ya buga, gwargwadon yarjejeniyar da aka yi tun farko. Kamfanin Buga Littattafai na Arewa da ke Zariya, wanda aka kafa a 1966, shi ne ya gaji buga yawancin waɗannan littattafai daga Kamfanin Gaskiya da hukumomin da suka gabace shi. Matashin mai zane da ke zaune a Zonkwa ko Kwoi ba shi da lauya, ba shi kuma da kuɗin kafin alƙalami. A ƙasashen da sana'ar ta kafu, kamfanin ɗab'i ne ke sayen izini, ya ɗauki mai zane aiki, sannan a raba kason kowa daga abin da aka sayar. Muddin masu haƙƙi ba su fito da sharuɗɗa bayyanannu masu sauƙi ba, littattafan za su ci gaba da kwanciya, su kuma su ci gaba da asarar kuɗin shigar da zai iya zuwa musu ba tare da sun kashe ko kwabo ba.

Shinge na biyu: ladan mai zane

Aikin littafin zane ya fi aikin zanen jarida nauyi ƙwarai. Sai an fara samun wanda zai tsara labarin shafi-shafi, ya yanke shawarar abin da za a nuna da abin da za a bari, ya kuma taƙaita magana ta yadda za ta shiga ɗan filin da aka ware mata. Sannan mai zane ya fitar da siffofi da fensir, a bi da tawada, a sa launi idan da hali, a rubuta maganganu. Bisa al'adar sana'ar, gwani yakan kammala kimanin shafi ɗaya a yini. Littafi mai shafi 48 zai cinye masa wata biyu ko fiye, kuma cikin wannan lokaci dole ya ci abinci, ya ciyar da iyali, tun kafin a sayar da kwafi ko ɗaya. Wannan shi ne dalilin da ya sa masu zane da yawa ke komawa ga zanen allon talla da hotunan 'yan siyasa da bangon littafi, inda ake biya nan take.

Akwai kuma ɗawainiyar bincike. Marubuci yana iya cewa sarki ya fito da jama'arsa, ya wuce. Shi kuwa mai zane sai ya san naɗin rawanin, da ɗinkin rigar, da yadda ake ɗaura sirdi, da fasalin soro da zaure, in ba haka ba mai karatu zai gane kuskure tun a shafin farko. Har ila yau, akwai abubuwan da alƙalami kan faɗa a sakaye waɗanda zane ba ya iya ɓoyewa, don haka ana buƙatar hattara a wuraren da suka taɓa addini ko mutunci, musamman ga mai son sayarwa a Kano, inda hukumar tace fina-finai da ɗab'i da aka kafa a 2001 ke sa ido a kan littattafai. Ko haruffa ma matsala ce: yawancin salon haruffan kwamfuta da ake amfani da su a littattafan zane ba su da ƙ da ɗ da ɓ, sai an ƙera su musamman, ko a rubuta da hannu.

Shinge na uku: takarda da yawan bugu

Sanin kowa ne cewa mafi yawan takardar da maɗaba'o'in ƙasar nan ke amfani da ita daga waje ake shigo da ita. Masana'antun takarda uku da gwamnati ta gina a Jebba da Oku Iboku da Iwopin ba su taɓa cike gurbin da aka gina su dominsa ba na tsawon lokaci, an kuma sayar da su ga 'yan kasuwa daga baya. Saboda haka duk lokacin da naira ta faɗi, farashin littafi sai ya tashi. Haka ya faru bayan shirin gyaran tattalin arziki na 1986, lokacin da manyan kamfanonin ɗab'i suka janye daga buga ƙagaggun labarai suka koma ga littattafan makaranta kaɗai, haka kuma ya sake faruwa bayan da aka bar kasuwa ta tsayar da darajar naira a watan Yuni na 2023.

Littafin zane ya fi littafin rubutu jin wannan zafi. Shafi mai launi yana buƙatar farantin bugu huɗu, ɗaya ga kowane launi na asali, alhali shafi baƙi da fari faranti ɗaya ya ishe shi. Bugu da ƙari, kuɗin da ake kashewa kafin injin ya fara juyawa ba ya canzawa ko kwafi nawa za a buga. Alal misali, a ƙaddara cewa izini da ladan mai zane da farantai sun ci naira miliyan ɗaya. Idan kwafi 1,000 aka buga, kowane kwafi ya ɗauki naira 1,000 tun kafin a sa kuɗin takarda da na dillali. Idan kuwa kwafi 10,000 aka buga, nauyin ya sauko zuwa naira 100. Wanda ke buga kaɗan don tsoron kwantai zai sayar da tsada, tsadar kuma ita ce za ta jawo masa kwantan da yake tsoro.

Inda za a fara da araha

Akwai ƙofar da ba ta buƙatar jiran 2051, kuma a kudancin Kaduna take. A shekarun 1908 da 1909 wani jami'in mulkin mallaka mai suna A. J. N. Tremearne ya zauna a Jama'ar Daroro, tsohuwar hedkwatar Masarautar Jama'a kafin a mai da fadar Kafanchan, ya rubuta tatsuniyoyi daga bakin Hausawan da ya tarar. Guda 100 daga cikinsu sun fito a littafinsa na 1913, ya kuma buga matanin Hausarsu a 1914. Ya mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1915, saboda haka wa'adin haƙƙinsa ya daɗe da ƙarewa. Bayanan da ya yi a kan mutanen yankin cike suke da raini irin na Turawan zamaninsa, babu mai buƙatar su a yau. Amma tatsuniyoyin na mutanen da suka ba shi ne, a cikinsu akwai Gizo da Ƙoƙi da kura da Dodo, waɗanda kowane yaro ya san halinsu tun kafin ya iya karatu. Sharaɗin da ya rage shi ne na doka, wadda ta ɗora wa Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya alhakin ba da izinin yin kasuwanci da adabin gargajiya.

Banda tatsuniyoyin Hausa, Adara da Gbagyi da Bajju da Atyap da Ham da Agworok da sauran al'ummomin yankin kowace tana da nata labaran, waɗanda yawancinsu har yanzu a baki suke. A nan ne littafin zane ke da wata fa'ida da littafin rubutu ba shi da ita. Tun da yake maganganun mutane a kan farantin baƙin launi ake ɗora su, ana iya buga zane iri ɗaya da Hausa, sannan a sauya wannan faranti kaɗai a buga shi da Jju ko Tyap ko Hyam ko Turanci. Da haka sai a raba ladan mai zane a kan bugu da yawa, harshen da masu karatunsa ba su kai su ɗauki nauyin littafi su kaɗai ba shi ma ya samu nasa. Ta fuskar salon zane ma yankin yana da abin koyi a gida. Sassaƙen yumɓu na Nok, wanda aka fara tonowa a 1928 a ƙasar Jaba, da shahararren kan mutum-mutumin Jama'a da ya isa hannun Bernard Fagg a 1943 bayan an yi amfani da shi wajen korar tsuntsaye a gonar doya, sun bar wa masu zane fasalin ido da fuska da kitso da duniya ta riga ta sani.

Kasuwan Magani a matsayin ma'auni

Littafin da aka buga bai zama haja ba sai ya isa inda ake ciniki. Kasuwan Magani tana kan hanyar Kaduna zuwa Kachia, kasuwar mako ce da ke tara manoma da makiyaya da fatake daga Kajuru da kewaye, Musulmi da Kirista, kowa da harshen gidansu, amma Hausa ce ke haɗa ciniki. Yaron da ke jin Adara a gida yana jin Hausa a kasuwa, da yawa kuma suna karanta ta a coci ko a makarantar Islamiyya. Irin wannan mai karatu, wanda ke jin harshen sosai amma dogon rubutu ke ba shi wahala, shi ne zane ya fi yi wa amfani, domin hoto yana riƙe shi har ya kai ƙarshen shafi. Kasuwar ta sha fama da rikicin da ya ci rayuka da dukiya a watan Oktoba na 2018, daga baya gwamnatin jiha ta sake gina ta. A gari irin wannan, labarin da 'ya'yan ɓangarori biyu za su karanta su yi dariya tare yana da amfanin da ya wuce ribar mai shago.

Sai dai aljihun wannan kasuwa aljihun manomi ne. Yana cika da kaka, ya bushe da bazara, idan kuma annoba ta faɗa wa amfanin gona, kamar cutar da ta lalata citta a Kachia da Jaba da Kagarko a 2023, littafi ne farkon abin da ake yafewa. Saboda haka farashi shi ne zai yanke hukunci. Marubutan adabin kasuwar Kano sun gano wannan tun daga tsakiyar shekarun 1980. Sun riƙa buga labari kashi-kashi a kan takardar jarida mai araha, da bango mai launi da ciki baƙi da fari, suna ba dillalai a Kano, dillalai su ba masu tebur da masu bin kasuwannin mako, har da shagunan da ke ba da hayar littafi. Kuɗin kashi na ɗaya shi ke buga na biyu. Littafin zane da ke son shiga Kasuwan Magani, ko kasuwannin Kachia da Zonkwa da Kafanchan, wannan sawu zai bi.

A yau wani kaso mai yawa na wancan ciniki ya koma cikin waya. Marubuta, musamman mata, suna sakin labari a Wattpad da WhatsApp, mai karatu ya tura kuɗi ta banki a sa shi cikin rukuni. Wannan hanya ta kawar da kuɗin takarda da na mota, launi ma ba ya ƙara kashe kuɗin bugu. Amma tana da nata haɗari: shafin da aka sayar wa mutum ɗaya yana iya zaga wayoyi dubu kafin faɗuwar rana, dandalin sayar da littattafai ta intanet ma ba su da tabbas, kamar yadda rufe OkadaBooks a ƙarshen 2023 ya nuna. Yaron firamare a ƙauye kuma ba shi da wayar kansa. Mai hankali zai yi amfani da waya wajen tallata jarumansa da gwada abin da jama'a ke so, ya dogara da takarda wajen isa makaranta da gida.

Abin da ya rage

Kamar yadda lissafin da ya gabata ya nuna, mabuɗin shi ne mai saye na farko da zai ɗauki kwafi dubbai a lokaci guda. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi biyu cikin ɗari na kuɗin shigar asusun Gwamnatin Tarayya domin tallafa wa ilimin matakin farko, kuma sayen kayan karatu yana cikin abubuwan da ake kashe kuɗin a kansu. Idan hukumar ilimin firamare ta jiha, ko ƙungiyoyin da ke da makarantu masu yawa, suka yi alkawarin sayen adadi sananne na littattafan zane domin ɗakunan karatu, mai buga littafi zai samu takardar da zai nuna wa banki, mai zane zai samu albashin wata biyunsa, ragowar kwafin kuma zai isa kasuwa da farashin da talaka zai iya.

Ma'aikatan da za su yi aikin suna kusa. Jami'ar Ahmadu Bello tana da sashen koyar da zane da na harsunan Afirka, ga Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya da reshen Jami'ar Jihar Kaduna a Kafanchan. Bikin littattafai da fasaha na Kaduna da aka fara a 2017, da bikin littattafan Hausa na ƙasa da ƙasa da aka fara a 2021, sun nuna cewa ana iya tara marubuta da masu zane da masu ɗab'i a zaure ɗaya. Gasar 1933 ce ta samar da littattafan da ake fatan a zana a yau, gasar da Kamfanin Buga Littattafai na Arewa ya shirya a ƙarshen shekarun 1970 ita ce ta fito da So Aljannar Duniya. Babu abin da zai hana masu haƙƙin Magana Jari Ce su zaɓi labari guda daga cikinsa, su ba da izini, su kira masu zane su gwada hannu, a buga wanda ya yi fice a kai shi kasuwa kafin kaka mai zuwa. Cinikin da aka yi a ranar kasuwa shi zai nuna ko za a buga na biyu.